Rumbun Bayanan Da Ya Ƙi Karɓar Sunan Maraɗi

Yau da ƙorafi na zo, kuma ba zan ɓoye ba, raina a ɓace yake. Abin da ya ɓata mini rai ƙarami ne a ido, bai fi ƙugiyar da ke kan harafin ɗ ba. Amma na shafe sama da shekara ashirin ina riƙe da alli, kuma na koyi cewa a makaranta ƙananan abubuwan da aka yi wa shiru su ne suke girma su zama al'ada.

A farkon wannan shekarar karatu wata ƙungiya ta kawo wa makarantarmu da ke nan gundumar Madarunfa kwamfuta ɗaya, da faifan hasken rana, da batir, da wata ƴar na'ura mai watsa wifi a harabar makaranta. Manufar mai kyau ce. Za a girka manhaja a kan kwamfutar, kowane malami ya buɗe ta daga wayarsa kamar yadda ake buɗe shafin intanet, ya yi kiran suna, ya shigar da maki, ya ɗora darasin karatu. An yi biki, an ɗauki hoto, an sha lemo. Matashin da aka turo ya girka manhajar ya kwana ɗaya, ya nuna mana allon farko yana aiki, ya ce saura mataki guda: mu zuba jerin sunayen ɗalibai, shi ke nan. Ya bar lambar waya ya koma birni.

Ni aka ɗora wa aikin, don ni ne nake koyar da ajin harsuna biyu kuma ni ne na fi saba da buga rubutu. Na shirya jerin da kyau. Kowane yaro na ba shi gurbi biyu na suna: ɗaya kamar yadda yake a takardar haihuwa da rubutun Faransanci, ɗaya kuma kamar yadda uwarsa take kiran sa, da ƙa'idar rubutun Hausa da nake koya masa a aji. Na sa sunan ƙauye, da gunduma, da jiha. Na danna. Allo ya yi ja, ya rubuto layi ɗaya da Faransanci wai an samu matsala a rumbun bayanai. Ba ta ce wace matsala ba, ba ta ce a ina ba.

Kwana uku ina fama. Na kashe na kunna. Na sake rubuta jerin. Na zargi batir, na zargi wayata, har na zargi kaina cewa ƙila tsufa ne ya fara. Da na kira matashin, sai ya tambaye ni ko akwai wasu haruffa "na daban" a cikin jerin. Na ce akwai haruffan Hausa. Sai ya yi dariya ya ce: "To ai shi ne, Malam. Ka cire ƙugiyoyin nan, ka rubuta d da k da b kawai. Kowa haka yake yi."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce dalilin wannan rubutu. Kowa haka yake yi.

Ban cire ba. Ranar Asabar wani tsohon ɗalibina da yanzu yake karatun kwamfuta a Maraɗi ya zo gida ganin mahaifiyarsa, na roƙe shi ya leƙo makaranta. Abin da ya yi a gabana ya cancanci kowane malami ya ji, domin ba tsafi ba ne, hanya ce irin wadda muke koya wa yara a darasin lissafi: kada ka yi hasashe, nemo inda aka rubuta abin da ya faru.

Ya ce mini: "Mushe, jan layin nan da kake gani sanarwa ce kawai. Ainihin ƙorafin yana cikin wani kundi da manhajar take rubuta duk abin da ya same ta." Ya buɗe kundin. A can ƙasa akwai saƙo da Turanci mai lamba 1366, yana cewa rubutun da aka turo bai dace da gurbin da ake so a ajiye shi ba. Ya nuna gurbin: sunan jiha, layi na 1. Ya nuna abin da ya maƙale: \xC9\x97i. Na ce wannan kuma wane yare ne? Ya ce C9 97 ita ce lambar da kwamfuta take rubuta harafin ɗ da ita, i ɗin kuma shi ne ƙarshen kalmar. Wato abin da rumbun ya ƙi karɓa shi ne sunan jiharmu, Maraɗi.

Don ya tabbatar, ya cire ƙugiyar a wannan gurbi, ya sake turawa. Layin ya wuce, aikin ya sake tsayawa a kan wani yaro mai suna Ɗahiru. Ya mayar da ƙugiyar. Sannan ya tambayi rumbun da wane tsarin haruffa aka gina shi. Amsar ta fito: latin1_swedish_ci. Ya fassara mini: haruffan Yammacin Turai, a jere bisa tsarin mutanen Suwidin. Yaran Madarunfa, a rumbun da aka auna da mudun Suwidin.

Ga bayanin a taƙaice, yadda na fahimce shi. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Dole a yi yarjejeniya cewa lamba kaza ita ce harafi kaza. Yarjejeniyar farko da ta yaɗu, ASCII, ta fito a Amurka a 1963, tana da gurbi 128, ta ishi Turanci. A 1987 aka fito da Latin-1 mai gurbi 256, aka shigar da é da ç da ñ da sauran haruffan Yammacin Turai. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Daga baya aka ga cewa wannan rabe-rabe ba zai kai duniya ko'ina ba, sai aka fito da Unicode a 1991, kundi guda da ya nufi bai wa kowane harafi na kowane harshe lambarsa. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar rubuta waɗannan lambobi wadda yau mafi yawan shafukan intanet suke amfani da ita. Haruffanmu huɗu, manya da ƙanana, suna cikin Unicode tun shekarun 1990. Wato maganin ya girmi wanda ya girka mana manhajar.

Shi kuma injin rumbun da aka yi amfani da shi, MySQL, a Suwidin aka haife shi a 1995, shi ya sa tsofaffin fitowarsa suke zuwa a saite a kan Latin-1 da jerin Suwidin idan ba a canza ba. Masu shi sun daɗe da ba da damar zaɓar UTF-8, kuma daga fitowa ta 8.0 a 2018 suka mayar da shi saitin asali. Saboda haka ba na ɗora wa injin laifi. Garma ba ta da laifi idan manomi bai duba bakinta ba kafin ya shiga gona.

Gyaran fa? Yaron ya fara kwafe duk abin da ke rumbun ya ajiye a gefe, don idan an yi ɓarna a samu abin komawa. Ya ba rumbun umarni ya juya teburansa zuwa tsarin utf8mb4. Ya buɗe takardar saitin manhajar ya canza kalma ɗaya, don ita ma ta riƙa magana da rumbun da wannan tsari. Ya sake adana jerin sunayena a matsayin UTF-8. Muka danna. Sunaye suka shiga kaf: Bilƙisu, Ruƙayya, Ɗanladi, Abdulƙadir, Ɗayyaba, ƴan Ɗan Isa da ƴan cikin gari. Bai kai awa ɗaya ba. Bai ci ko dala ba, sai shayin da na dafa masa.

To yanzu mu koma kan "kowa haka yake yi".

Ina so a fahimce ni, ba matashin nan nake yaƙa ba. Shi ma haka aka koya masa, kuma an ba shi makarantu da yawa a kwana kaɗan. Abin da nake yaƙa shi ne tunanin da ke bayan maganarsa, wanda na ji daga bakin manya masu digiri: idan na'ura da harshenmu suka yi karo, harshen ne zai durƙusa. Ba wanda ya tsaya ya tambaya ko na'urar ce aka saita ba daidai ba. An riga an yanke hukunci cewa laifin namu ne, mu ne muka zo da haruffa masu wuyar sha'ani.

Ku gwada juya lamarin. A ce manhajar ta ƙi karɓar é. A ce ta mayar da "élève" ta zama "?l?ve". Wane darakta ne zai sa hannu ya karɓi aikin? Wane mai duba makarantu ne zai ce a cire alamar a ci gaba? Mu da kanmu, malamai, shekara nawa muka yi muna zaftare wa yara maki a shifta saboda sun manta ɗigon da ke kan e? Na yi, kuma an yi mini. Alamar Faransanci doka ce, ƙugiyar Hausa kuwa ado ce da za a iya tuɓewa idan ana sauri. Wannan ba maganar fasaha ba ce, maganar wa ake ganin girmansa ce.

Kuma ƙugiyar ba ado ba ce. Baƙi ba baki ba ne. Ƙura ba kura ba ce. Ɗaki daban, daki daban. Ƴaƴa su ne waɗanda muke koyarwa, yaya kuwa shi ne wanda ya girme ka. Mafi ciwo a cikinsu: idan ka cire wa ƙasa ƙugiyarta, abin da ya rage shi ne kasa, wato gazawa. Babba mai karanta saƙon WhatsApp zai gane daga yanayin magana. Yaro ɗan shekara bakwai da ke aji na farko, wanda yanzu yake haɗa sauti da harafi, ba shi da wannan gata. Da safe na koya masa cewa k da ƙ sauti biyu ne, na sa shi ya taɓa maƙogwaronsa ya ji bambanci. Da rana ya ga sunansa a allon kwamfutar makaranta ba ƙugiya. Wa zai gaskata, ni ko na'urar? Duk mun san amsa.

Akwai shawara ta biyu da matashin ya ba ni wadda ta fi ta farko haɗari, kuma ina jan kunnen duk malamin da za a ba shi ita. Ya ce idan na nace, akwai wani saiti na tsanani da za a kashe, rumbun zai daina ƙorafi. Tsohon ɗalibina ya nuna mini abin da hakan yake haifarwa a kan kwafin gwaji. Gaskiya ne rumbun ya daina ƙorafi. Sai dai duk inda ya ga harafin da bai sani ba, sai ya dasa alamar tambaya: Mara?i, ?ahiru, Bil?isu. Kuma da zarar an adana haka, harafin ya tafi ke nan, ba umarnin da zai dawo da shi, sai an zauna an sake bugawa ɗaya bayan ɗaya. An toshe bakin mara lafiya an ce ya warke. Jan layin da ya hana ni barci kwana uku, ashe shi ne masoyina, domin shi ne ya ƙi yarda a lalata sunayen yara a ɓoye.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne lokacin da wannan ya faru. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Jamhuriyar Nijar, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki. An yi ta muhawara a rediyo, wasu sun yi murna, wasu sun nuna damuwa game da matsayin Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci da sauran harsunanmu, kuma damuwarsu abin saurare ce. Amma ni tambayata ta malamin ƙauye ce: harshen ƙasa da rajistar makarantar ƙasa ba ta iya rubuta shi, a ina yake zaune? A takarda kawai? Kuma kada ƴan'uwanmu su ɗauka matsalar ta Hausawa ce kaɗai. Fulatanci yana da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ. Barbarci yana da ǝ. Tamashek yana da haruffa masu ɗigo a ƙasa, ban da Tifinag. Rumbun da ya ƙi Maraɗi zai ƙi su duka. Gyaran da ya karɓi Maraɗi kuma zai karɓe su duka, har da Ajami.

Ba yau aka fara wannan aiki ba balle a ce mun zo da sabon abu. Haruffa masu ƙugiya sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake jagorantar hukumar talifi a Zariya, inda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma, Hausa na ciki. A 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen uwa a Damagaram. A 1980 aka zauna a Yamai don daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Najeriya. A 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da dokar da ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a ƙasar nan, wadda a cikinta muke rubuta ƴ inda ƴan'uwanmu na Katsina da Kano suke rubuta 'y. Mutanen da suka zuba waɗannan haruffa da dalma a maɗaba'a, lokacin da babu lantarki a mafi yawan garuruwanmu, ba su ce a cire ƙugiya don sauƙi ba. Mu da muke da na'urar da za ta yi shi da canza kalma ɗaya, mu ne za mu ce ya yi wuya?

Ku dubi Ayislan, tsibirin da mutanensa ba su kai rabin miliyan ba. Haruffansu biyu, þ da ð, suna cikin Latin-1 tun 1987. Jihar Maraɗi kaɗai, a ƙidayar 2012, ta haura mutum miliyan 3 da dubu 400. Faransawa ma, da aka bar musu œ a waje, ba su haƙura ba, sai da aka fito da Latin-9 a 1999 aka shigar da shi tare da alamar kuɗin yuro. Ba yawa ne yake sa a saka harafinka ba. Nacewa ce, da kasancewa a wurin lokacin da ake yanke shawara, da ƙin sa hannu a kan aikin da bai cika ba.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a ɗakin malamai. Na farko: Malam, yara suna karatu a rumfar kara, kana maganar ƙugiya? Wannan magana tana da nauyi kuma ba zan raina ta ba. Babu malamin jihar nan da ya manta ranar 8 ga Nuwamba 2021, da wuta ta kama azuzuwan zana a birnin Maraɗi ta ci rayukan yara ƙanana aƙalla 25. Allah ya jiƙan su, ya ba iyayensu haƙuri. Idan aka ce in zaɓa tsakanin ajin siminti da kwamfuta, aji zan zaɓa ba tare da na yi tunani ba. Amma ba wannan zaɓi aka ba ni ba. Kwamfutar ta riga ta zo, an riga an kashe kuɗin. Gyara ta ba ya rage bulo ko ɗaya daga ginin aji. Kuma ina ganin ciwon ɗaya ne: karɓar aiki ba tare da dubawa ba, don kada a ɓata wa mai bayarwa rai. Wanda ya saba sa hannu a kan manhajar da ba a gwada ba, shi ne zai sa hannu a kan ginin da ba a auna ba.

Na biyu: ai takardun hukuma da rubutun Faransanci suke, sunan da ke takardar haihuwa shi ne zai je jarrabawa. Haka ne, kuma ina gargaɗin kowane malami kada ya taɓa canza ko harafi ɗaya a sunan hukuma na yaro. Duk wanda ya taɓa raka uba zuwa kotu neman gyaran takarda saboda an rubuta suna iri biyu, ana gab da BEPC, ya san wahalar. Shi ya sa na yi gurbi biyu. Sunan takarda ya zauna yadda yake, sunan Hausa ya zauna kusa da shi. Rumbun bayanai ba ƙwarya ba ce da za a ce ta cika. Kuma manhajar ba suna kaɗai take ɗauka ba, har da darussan karatu. Darasin Hausa da ba ƙugiya kuskure ne aka buga aka raba wa yara da hatimin makaranta.

Na uku: madannan kwamfutocinmu na Faransanci ne, ba su da waɗannan haruffa. Wannan ma uzuri ne da ya tsufa. Wayar Android da ke aljihunka tana da madannan Hausa, sai dai ka shiga saiti ka ƙara. Windows ma tana da su. Abin da babu shi ne wanda zai nuna maka. Ni na fito daga makarantar horar da malamai na san yadda ake shirya darasi, da yadda ake riƙe aji mai yara tamanin, amma ba a taɓa zaunar da ni gaban na'ura an ce ga yadda ake buga ƙ ba. Matasan malaman da suke zuwa mana yanzu na tambaye su, amsarsu ba ta bambanta da tawa sosai ba. Laifinmu a nan shi ne mun yi shiru. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai kuma abin da wannan matsala ta tona mini wanda ya wuce haruffa. Da tsohon ɗalibina ya nemi kalmar sirrin shiga rumbun, babu wanda yake da ita a makarantar, har darakta. Sai da muka yi ta kiran waya kafin a turo. Ku yi tunani: sunayen yaranku, ranakun haihuwarsu, sunayen iyaye, makinsu, duk suna cikin akwatin da ke ofishinmu, mabuɗin kuma yana aljihun wani a birni. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da aka kafa don haka. Amma doka ba ta aiki a inda mutane ba su san suna da haƙƙi ba. Ba a bar mana takardar bayani ba, ba a nuna mana yadda ake kwafin ajiya ba. Mu kuwa mun san halin wutarmu. Mun ga yadda aka zauna cikin duhu bayan Najeriya ta yanke lantarki a watan Agusta na 2023. Batir yana mutuwa, ƙurar hunturu tana shiga na'ura. Ranar da kwamfutar nan ta ƙi tashi, idan babu kwafi, makin shekara guda ya bi ruwa.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba na neman abin da ya fi ƙarfin kowa.

Ga ma'aikatar ilimi da hukumar da ke kula da fasahar zamani ta ƙasa: a rubuta a cikin sharuɗɗan duk wata kwangila ko kyauta cewa manhajar da za ta shiga makaranta dole ta karɓi haruffan dukan harsunan ƙasa, ta adana su, ta nuna su, ta buga su a takarda. Layi ɗaya ne a yarjejeniya. Wanda bai cika ba, kada a karɓa.

Ga daraktoci: kada ku sa hannu ranar biki. Ga gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar injiniya. Ku sa a buga wannan jimla a cikin manhajar: Ƴaƴan Maraɗi sun ɓoye ƙwarya. A adana, a kashe na'urar, a kunna, a nemo jimlar, a buga ta a takarda. Ku ƙara da manyan haruffa, Ɓ da Ɗ da Ƙ. Idan ta dawo yadda ta shiga, madalla. Idan ta dawo da alamar tambaya ko ƴan akwatuna, mai girkawa bai gama aikinsa ba, kada ya hau babur. Ku karɓi kalmar sirri a rubuce, a rufe a ambulan. Ku nemi a koya wa malamai biyu, ba ɗaya ba, domin ana canza wa malami wurin aiki. Kuma kada ku jefar da rajistar takarda.

Ga makarantun horar da malamai: sa'o'i kaɗan sun isa a koya wa ɗalibi buga haruffan harshensa, da adana rubutu a UTF-8, da yin kwafin ajiya, da karanta saƙon kuskure ba tare da tsoro ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga ƙungiyoyin da suke kawo mana taimako: mun gode, kuma da gaske nake. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku gwada kayanku da sunayenmu kafin ku ɗoro su a mota. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo tana nan Maraɗi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga bakin tafkinmu, cike da matasa irin wanda ya warware mini matsala a zama ɗaya. Ku ɗauke su aiki, ku biya su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga iyaye, musamman ƴan kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata: kuna da ikon ku ce a nuna muku yadda aka rubuta sunan ɗanku. Ko ba ka yi boko ba, ka zo da wanda zai karanta maka. Ka duba sunan takarda ya dace da takardar haihuwa harafi da harafi, ka duba sunan Hausa an rubuta shi yadda kake kiran sa. Ka tambayi wa yake riƙe da mabuɗin bayanan. Tambayar ba rashin kunya ba ce, amanar ɗanka ce.

Ga mu malamai kuma: mu daina jin kunyar na'ura. Kwana ukun da na yi ina zargin kaina, rashin sani ne ya jawo, ba rashin basira ba. Jan layi ba zagi ba ne, bayani ne, kuma a bayansa akwai kundin da ya faɗi dalili. Idan aka ce maka "cire kaza don ya yi aiki", ka tambaya: me ya sa? Me zan rasa idan na cire? Mu ne muke koya wa yara su tambayi dalili, bai kamata a same mu muna haɗiye umarni ba tauna ba.

Ranar Litinin da ta biyo bayan gyaran, na kira suna daga wayata a karon farko. Da na zo kan Bilƙisu, sai na juya mata allon na ce ta duba. Ta sa yatsa a kan harafin ta ce: "Mushe, ga ƙ ɗina." Ajin ya yi dariya, muka ci gaba da darasi.

Duk malamin da ya gamu da irin wannan matsala a makarantarsa, kada ya cire ƙugiya, kada ya kashe saitin tsanani. Ya nemi kundin kurakurai, ya nemi lamba 1366, ya nemi wanda zai duba masa tsarin haruffan rumbun, kuma ya yi kwafi kafin a taɓa komai. Allah ya taimaki malamai, ya shirya mana zuriya, ya ba shugabanninmu ikon duba abin da suke sa wa hannu.